Bagaruwar Haboba

Ni ɗan Kaduna ne, ɗan cikin gari kuwa, irin waɗanda ba su san gero ba sai ya zama koko. Da wannan 'yan ɗakinmu suka riƙa yi mini gori tun makon da na sauka Khartoum karatu. Dukansu a ƙauye suka tashi, wani ta wajen Sakkwato, wani Maraɗi, wani Haɗeja, kuma babu ciyawar da ba su san sunanta ba. Wata rana na yi kuskuren tambaya ko dawa da maiwa abu ɗaya ne. Ranar har da mai faɗuwa daga kan gado don dariya, kuma daga nan sunana ya koma ɗan bariki. Nakan taya su dariya, amma abin yana cina a rai. Na ƙudurta cewa ko mutuwa zan yi ba zan sake tambayarsu sunan wani abu ba.

Kafin in zo an gaya mini Sudan ƙasar zafi ce, don haka ko rigar sanyi ban ɗauko ba. Babu wanda ya gaya mini akwai watannin da iska ke kaɗowa daga arewa ta shiga har ƙashi. Mura ta yi mini kamun kazar kuku. Hanci ya toshe, murya ta dushe, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Na sha ƙwayoyi har na gaji.

A ajinmu akwai wani Bahaushen Sudan da muka saba. Kakanninsa sun taho da ƙafa za su Makka, suka ya da zango a nan, zango ya zama gida. Hausarsa rabi ce, zai fara magana da ita ya ƙarasa da Larabci bai ma san ya sauya ba. Da ya ga yadda nake fama sai ya ce, "Ya zol, wannan nazla ta fi ƙarfin ƙwaya. Tashi mu je wajen haboba." Nazla ita ce mura, haboba kuma kaka a bakinsu.

Muka hau mota zuwa kasuwar Suk al-Arabi, muka sake wata mai ƙetarawa Omdurman. Dab da gada akwai wani kurmin itatuwa masu ƙaya a bakin kogi, idan ruwa ya cika sai ka ga gindinsu a cikin ruwa. Na tambayi abokina sunansu, ya ce sunut. Gidansu yana can bayan Kasuwar Libiya. Sun daɗe da barin tsohuwar unguwar Hausawa, maƙwabtansu duk Larabci suke yi.

Mun tarar da Haboba a kan gadon igiya ƙarƙashin rumfa, 'yar ƙaramar tsohuwa mai kaifin ido. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambaye ni garinmu, na ce Kaduna.

"Ban san shi ba," in ji ta. "Sabon gari ne?"

Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, ta dubi jikanta ta ce, "Ashe miji ka kawo mini. To mayar da abinka, ni ba na auren mai majina."

Duk da haka ba ta bari na tafi da majinata ba. Ta sa aka ɗumama man riɗi da ɗan gishiri, ta ce in shafe ƙirji da wuya. Ta kira 'yarta, mahaifiyar abokina, wadda na koyi kira Hala kamar yadda ake kiran inna a can, ta ce ta kawo garwashi da garad. Hala ta shiga ɗakin girki ta fito da wani tsohon gwangwanin madara. Haboba ta ɗebo wasu ɓawo-ɓawo masu duhu, a kakkarye, ta watsa a wuta, ta sa na sunkuya a kan kaskon, ta lulluɓe ni da mayafinta. Hayaƙin ya shige ni, na yi ta atishawa, hawaye na zuba, tana riƙe da ƙeyata tana cewa, "Shaƙa, rago!" Da ta yaye mayafin ta ba ni zoɓo mai zafi da citta, sannan ta cusa mini guntun garad ɗin ta ce in ajiye a kumatu in riƙa tsotsa. Baurinsa ya ɗaure mini baki har na kasa godiya. Washegari na tashi ina shaƙar iska ta hanci kamar kowa.

Tun daga nan na zama ɗan gida. Kusan kowace Juma'a ina can. Haboba na son hira da ni don ina kawo mata Hausar da ta daɗe ba ta ji ba, ko da yake ita ma tata ta sha Larabci, rabin kayan gidan da sunan Larabci take kiransu. Jikokinta kuwa suka mayar da ni malamin Hausarsu. Duk kalmar da ta shige musu duhu sai a ce a jira ɗan Najeriya. Wadda na sani in faɗa, wadda ban sani ba in yi shaci-faɗi da murya mai nauyi, su gyaɗa kai. A ɗakinmu ni ne ɗan bariki, a Omdurman ni ne ƙamus. Ba zan ɓoye ba, wannan girman ya fi mini abincin gidan daɗi.

Ina shekara ta uku ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta. Ta tashi daga ciwon, hannu da ƙafar dama ba sa motsi, sannan ga wani abin mamaki: Larabcinta ya tafi gaba ɗaya. Matar da ta yi kusan duk rayuwarta tana ciniki da faɗa da barkwanci da Larabci ta wayi gari ba ta iya haɗa jimla ɗaya da shi. Abin da ya rage mata shi ne Hausar yarinyar da ta baro gida a bayan jaki, tsantsarta, babu garwaye. Tana kiran 'yarta Inna. Tana neman ludayi, tana neman faifai, tana tambaya ko an ɗaure awaki. 'Ya'yanta suna tsintar abin da suka iya, sauran su tara mini.

Na yi musu amfani, wannan kam ba zan hana kaina ba. Ni na gane cewa ƙaiƙayi take kuka da shi a gadon baya. Ni na gane kunun tsamiya take so, ba shayi ba. Idan na shigo sai fuskarta ta saki, ta ce, "Ga mai jin magana ya zo." Hala kan ce da ni, "Allah ne ya kawo mana kai, ya waladi," wato ɗana. Ni kuwa kaina sai ƙara girma yake yi.

Da sanyi ya dawo mura ta kama ta. Aka kira likita ya rubuta magani, ya kuma ja kunne cewa kada a kusantar mata da hayaƙi saboda numfashinta. Hala mace ce mai bin doka, ta kwashe kaskon turare da duk abin da ake ƙonawa ta kai ɗakin girki.

Ranar Juma'ar da na je na tarar da gidan a rikice. Abokina ya tare ni tun a ƙofa ya ce tun shekaranjiya kalma ɗaya take maimaitawa, sun kawo mata komai ta ture. An shigar da gadonta ɗaki saboda iska, yana fuskantar ƙofa. Na durƙusa a gabanta. Muryarta ta dushe, hancinta ya yi ja. Ta kama wuyan rigata da hannunta mai lafiya ta ce, "Bagaruwa. Ka ce su ba ni bagaruwa." Sai ta saki rigar ta miƙa hannun ta ƙofa, tana nuni.

Duk suka zuba mini ido.

Na san kalmar, wannan gaskiya ne. Na san itace ne, na kuma taɓa ji a makarantar firamare cewa da ita majema ke jeme fata. Iyakar sanina ke nan. Ban taɓa ganinta ba, ko a tsaye ko a tsinke. A gidanmu idan mura ta kama yaro, mahaifiyata citta da lemun tsami take dafawa, in ta ƙi a tafi kemis. Abin da ya kamata in ce bai fi ƙarfin bakina ba: na san sunan, ban san abin ba, mu tambayi wani. Amma ga Hala, ga abokina, ga ƙannensa mata a bakin ƙofa, kowa na jiran ƙamus ya buɗe.

Na gyara murya na ce, "Wani itace ne na ƙasarmu. Ba na jin akwai shi a nan."

Hala ta ce, "To me take nunawa?"

Na bi hannun da kallo. Ƙofar ɗakin yamma take kallo, rana ta fara karkata ta wajen. Sai na ji dabara ta zo mini, har ni kaina ta burge ni. Na ce, "Yamma take nunawa. Gida. Ƙasar da ta baro."

Hala ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, 'yan matan ma suka kama. Abokina ya dafa kafaɗata. Na yi musu alkawari zan sa a aiko da ita daga Najeriya, suka yi ta sa mini albarka. Da na ce ban sani ba, da a yammacin nan abokina ya hau mota ya tafi tsohuwar unguwarsu ya sami wani tsoho ya tambaya. Amma na riga na ba da amsa, wa zai je neman abin da malami ya ce babu?

A hanyar komawa na wuce kurmin nan na bakin gada ina tsara yadda zan kira gida. Da na isa ɗaki na tarar da Basakkwacen nan yana dafa shayi. Wallahi na buɗe baki zan tambaye shi yadda bagaruwa take. Ya ɗago ya ce, "Ɗan bariki, an dawo daga cin banza?" Sai na haɗiye tambayar na ce masa ya ji da shayinsa. An ce matambayi ba ya ɓata, na san karin maganar sarai, har na taɓa koya wa ƙannen abokina ita.

Na kira mahaifiyata. Ta yi dariya ta ce, "Bagaruwa kuma? Karatun ka bari ka koma jima?" Na ce wata tsohuwa ce ke so. Ta ce abu mai sauƙi, za ta saya ta ba wani ɗalibi da ya zo hutu ya taho mini da ita. Ita ma ban tambaye ta kamanninta ba. Ɗalibin kuma ya yi ta ɗaga tafiyarsa, yau rashin lafiyar uba, gobe takardu.

Kowace Juma'a ina zuwa, kowace Juma'a kalmar na jirana. Nakan ce, "Tana hanya, Haboba." Sai ta ɓata rai ta ce, "Wace hanya? Ga ta can!" Ta miƙa hannu. Ni kuma in juya in gaya musu da Larabci cewa tana cewa a can gida take. Har aka fara ba baƙi masu zuwa dubiya labari: tsohuwa tana kewar ƙasar haihuwarta, kullum tana nuna yamma. Mata suna jinjina kai suna share hawaye. Ina zaune ina ji, ina jin daɗin cewa ni na gano.

Murar ba ta sake ta ba, tari ya ƙaru. Wata Juma'a na same ta ta rame ƙwarai. Ta ce bagaruwa, na ce tana hanya. Wannan karon ba ta ɗaga hannu ba. Ta daɗe tana kallona da idanun nan masu kaifi, irin kallon da ta yi mini ranar farko, sai dai babu wasa a ciki. Ta ce, "Yaro, kai ma ba ka jin Hausa?"

Na ce, "Ina ji, Haboba."

Ta juya fuskarta bango. Hala ta tambaye ni me ta ce. Na ce tsokanata take yi kamar yadda ta saba.

Ba ta sake yi mini magana ba. Ba ni kaɗai ba, kowa ma. Murar ta sauka ƙirji, aka kwantar da ita asibiti, aka dawo da ita gida tana numfashi sama-sama, idonta biyu amma bakinta a rufe. Likita ya ce ciwon farko ne ya ƙara taɓa ta. Mai yiwuwa haka ne.

Ana cikin haka ɗalibin ya iso. Ya ba ni ƙulli a baƙar leda, mahaifiyata ta naɗe shi da tsumma ta ɗaure tam. Ko kwancewa ban yi ba, ina so a buɗe a gabansu. Ban jira Juma'a ba, na bar darasi na kama hanya, ƙullin a kan cinyata, ina ji kamar na ɗauko Najeriya sukutum zan kai mata.

Na shiga da sallama mai ƙarfi na ce ga bagaruwa ta iso. Hala ta taso da sauri tana goge hannu, abokina ya fito, aka kewaye ni a tsakar gida. Hala ta sa haƙori ta kwance ƙullin ta baje tsumman a kan tabarma. Wasu 'ya'yan itace ne dogaye masu gaɓa-gaɓa, wasu sun kakkarye a hanya. Tun kafin kowa ya yi magana warin ya bugi hancina, na ji bakina ya ɗaure da baurin da na sani.

Hala ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta karya, ta sansana. Ta dube ni. Ba da faɗa ta yi maganar ba, a hankali ta ce, "Ya waladi, wannan ai garad ne."

Abokina ya ce, "Garad? 'Ya'yan sunut?"

Hala ta ajiye wanda ke hannunta. Ta miƙe ta nufi ɗakin girki. Ni kuwa ina tsaye daidai ƙofar ɗakin Haboba, gadonta a bayana, sai na bi Hala da kallo. Ɗakin girkin yana yamma da tsakar gida, ƙofarsa na kallon ƙofar tsohuwa. Daga inda take kwance ana hango kantar da ke ciki, ana hango gwangwanin madarar a kai. Hala ta sauko da shi ta zo ta zazzage a gefen nawa. Babu abin da ya bambanta su sai dai nata ya fi kakkaryewa.

Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Amma ita kaza ba ta taɓa cewa ta sani ba.

Na so a ce wani ya zage ni. Da abokina ya shaƙe ni ma da na fi samun sauƙi. Ba wanda ya yi. Hala ta zauna a kan tabarma tana kallon tsibin biyu, can ta ce, "Da mun sani ai da mun jiƙa mata. Ba sai an yi hayaƙi ba." Sai kuma ta ga fuskata, ta yi sauri ta ce, "Ma'alesh, ba komai, ya waladi, ka yi ƙoƙari. Mu 'ya'yanta ma ba mu gane ba." Wannan ma'alesh ɗin ya fi mari zafi.

Ta jiƙa kaɗan a kofi, daga na gwangwanin. Da ruwan ya yi ja ta tsoma auduga ta shafa wa tsohuwa a leɓe, ta ɗiga mata a harshe. Ina durƙushe a gefen gadon. Haboba ta tsuke baki saboda baurin, ta motsa harshe, ta haɗiye. Ta lumshe ido ta daɗe a haka. Na matsa kusa da kunnenta na ce, "Haboba, ga bagaruwa." Ta buɗe ido ta dubi 'yarta, ta dubi kofin. Ni ba ta dube ni ba.

Kafin sanyin shekarar ya wuce ta rasu. A zaman makoki na ji wata maƙwabciya tana ba da labarin yadda marigayiya ta yi ta nuna ƙasarsu har ƙarshe, Hala na zaune kusa da ita ba ta gyara mata ba. Kowa ya gaya mini bagaruwa ba za ta hana abin da Allah ya rubuta ba, kuma na yarda, ba ta maganin shanyewar jiki, ba ta maganin ajali. Ba wannan ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne mace ta rasa harshe ɗaya, ta koma ga ɗayan da ya rage mata, ta faɗi abin da take so da sunansa na gaskiya, ta nuna shi da hannu yana gabanta, kuma mutum ɗaya da take ganin zai ji ta ya tsaya tsakaninta da 'ya'yanta yana juya maganar.

Na ci gaba da zuwa gidan har na gama karatu, ba su taɓa tayar da zancen ba. Sai dai idan wata kalma ta shige wa 'yan matan duhu, na lura ba sa cewa a jira ɗan Najeriya. Duk lokacin da motarmu ta zo kurmin bakin gada nakan sunkuyar da kai, kamar mai wuce ƙofar gidan da ya yi abin kunya.

Yanzu ina Kaduna da iyalina. Idan mura ta shigo gida, matata kan watsa bagaruwa a garwashi ta lulluɓe yara da zane, suna ihu tana riƙe da ƙeyarsu. Ni nakan ɗauki guntu in sa a kumatu in fita waje. Da baurin ya kama bakina sai in ji muryar nan a dushe tana tambayata ko ni ma ba na jin Hausa. Har yau ban sami wata amsa ba sai wadda na ba ta ranar, kuma ta san ƙarya ce tun kafin in rufe baki.